Minti Ashirin Zuwa Bakin Jirgin Ruwa

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin furotokol a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, kuma duk tsawon shekarun nan babu ogan da ya taɓa rasa jirgi a hannuna. Aikin ba wani abu ba ne illa sanin lokaci: yaushe za a fito daga gida, wace hanya za a bi, minti nawa za ta ci. Dokata ɗaya ce. Duk inda za a kai babban mutum gobe, yau zan je in bi hanyar da agogo a hannu, in dawo in rubuta a takarda. Abokan aiki har suna suka laƙaba mini, wai Alhaji Agogo, ni kuwa ban taɓa jin haushin sunan ba. Na faɗi wannan tun farko ne don a san irin mutumin da ya kusa sa matarsa ta rasa jirgin ruwa a Basalona.

Autarmu Rukayya nas ce, tana aiki a asibitin da ke cikin wani ƙaton jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido. Shekara uku rabonmu da ita. Duk hutun da ta samu sai ya ƙare wajen sabunta takardu ko wani kwas, mu dai sai ganin fuska a waya. A ƙarshe ta samo mana ɗaki a jirgin na mako guda, irin wanda ake ba iyayen ma'aikata. Sharaɗin a fili yake. Jirgi zai tashi daga birnin Basalona ranar Lahadi ƙarfe biyar na yamma, ana rufe ƙofar shiga ƙarfe uku da rabi, kuma mai irin tikitinmu idan bai shiga a nan ba, ba a karɓarsa a tasha ta gaba. Bayan makon nan jirgin zai tsallaka teku zuwa inda ba mu da biza, sai kuma wata shekarar idan da rai.

Ranar Laraba muka sauka, ni da maiɗakina Hajiya Saude. Hajiya tana da ɗakin sanyi na kifi a kasuwar Kado, ta fi shekara ashirin tana wannan sana'a, kuma tsayuwar kasuwa ta cinye mata gwiwar hagu. Ba ta son a yi maganar gwiwar. Idan ta tashi daga zaune sai ta dafa wani abu tukuna, ta yi kamar zane take gyarawa.

Garin ya rikita mu da rana. Ƙarfe tara na yamma ta yi, gari tarwai, Azahar kuwa sai wajen ƙarfe biyu take shiga. Abinci burodi ne da safe, burodi da rana, da dare a sa masa tumatir a kawo maka shi kuma. Kwana biyu kacal na yi na fara mafarkin tuwon masara da miyar kuɓewa. Hajiya tana da ƙullin yaji da daddawa a akwati, amma ta ce na Auta ne, ko ƙamshinsa kada in shaƙa da yawa. Ita abin da ya ɗebe mata kewa kasuwar kifin garin ce. Ta zagaya ta tas, tana leƙa idon kowane kifi, ta dawo ta ce mini kayansu na da kyau amma ba su iya jeri ba.

Ranar Alhamis na yi abin da na saba. Na bar ta a otal, na tari tasi, na danna agogo. Muka bi gefen teku, muka hau wata doguwar gada mai tudu wadda ta tsallaka ruwa zuwa inda manyan jirage ke tsayawa, muka gangara. Minti goma sha takwas. Wurin shiru, jirgi ɗaya ne ɗan madaidaici a can ƙarshe, sai wasu ma'aikata suna wanke daɓe. Na zagaya na ga ƙofar da za mu shiga, na ƙirga matakala, na ga inda bayan gida yake. Na dawo raina fes, na mayar da sha takwas ɗin ashirin saboda tsaro, na zauna na tsara takardata. Ƙarfe biyu, salla. Biyu da kwata, fita daga otal. Uku saura minti ashirin da biyar, isa tasha. Layin ƙarshe kuma na rubuta: ƙarfe uku, ganin Rukayya.

Lissafina mai sauƙi ne, kuma duk mazaunin Abuja zai yarda da shi. Daga gidana a Dutse Alhaji zuwa sakatariya, ranar aiki sai ka yi awa ɗaya da rabi a gosulo. Ranar Lahadi kuwa minti ashirin da biyar ka isa, titi wayam kamar an yi shara. To idan hanya ta ci minti sha takwas ranar Alhamis, ranar aiki, me za ta ci ranar Lahadi? Har na ji kamar na bar rarar lokaci da yawa.

Ranar Asabar Rukayya ta kira.

"Baba, don Allah ku iso kafin sha biyu."

"Ba ke kika ce da safe layi ya fi tsawo ba?"

"Haka ne, akan yi awa biyu a tsaye, amma dai..."

"Gwiwar uwarki ba za ta ɗauki tsayuwar awa biyu ba. Sai layi ya watse za mu zo, mu wuce kai tsaye. Na riga na yi adibans, na bi hanyar na auna."

"Baba, gobe fa Lahadi ce."

"Shi ya sa hankalina yake kwance," na ce mata.

Ta fara wata magana, aka kira ta daga can cikin asibitin, ta ce za ta sake kira, aiki bai bar ta ba. Gaskiyar magana ba taurin kai kaɗai ba ne ya sa na tsaya kan tsarina. A aikinmu babban abin kunya shi ne ka kai oga filin jirgi da wuri ya zauna yana jira cikin mutane. Shekara talatin ina hana matan wasu tsayuwa a layi, tawa matar ba ta taɓa cin moriyar wannan aiki ba. Na so ranar nan in kai ta kamar yadda ake kai manya, daga mota sai ƙofa.

Lahadi da sha biyu muka ba da makullin ɗaki, muka zauna a falon otal. Tun da muka sauko wurin yake cike da akwatuna, kowane akwati da wata 'yar takarda mai launi ɗaure a hannunsa. Ana kwashe wasu, wasu na saukowa. Hajiya ta daɗe tana kallonsu.

"Alhaji, waɗannan duk ina za su?"

"Masu yawo ne, kowa da inda ya nufa."

"Takardar da ke jikin akwatinmu ja ce. Na ga shuɗiya, na ga koriya, na ga ruwan ɗorawa. Jirgi nawa ne yau a bakin ruwan nan?"

Ban sani ba, don haka na ce ba shi ne muhimmi ba.

"A Kado," ta ce, "ranar da manyan motoci ke sauke kifi, ko Lahadi ce ko ranar Salla, ba ka samun inda za ka sa ƙafa. Washegari kuma ka kwanta a tsakiyar hanya ba mai taka ka. Kai ranar da babu kasuwa ka je ka auna. Mu tashi yanzu."

"Hajiya, kowa da aikinsa. Na taɓa shiga ɗakin sanyinki na ce ga yadda za a jera kifi?"

Ta buɗe jaka ta cire takalminta na ado ta sa na roba mai igiya, ta haɗiyi maganin gwiwa guda biyu, ta ninke babban mayafinta ta sa ƙarami. Ina kallonta ina murmushi a raina, wai ita ga mai shiri. Da biyu ta yi, matar da ke teburin karɓar baƙi ta buɗe mana ɗakin ajiyar kaya, har ta kawo mana tawul mai tsabta muka shimfiɗa. Muka haɗa Azahar da La'asar tsakanin akwatunan mutane. Biyu da kwata daidai muna bakin titi, na nuna wa Hajiya agogo.

Tasi ne babu. Duk wadda ta wuce da mutane a ciki da akwatuna har kan cinya. Minti goma muna ɗaga hannu. Sai ga wani da mota ruwan toka, ba alamar haya a jikinta, ya sauke gilashi ya ambaci tashar jirgin ruwa. A Abuja da yaron ofis ya kawo wa oga irin wannan mota, a ranar zan rubuta masa takardar gargaɗi. Na buɗe wa Hajiya ƙofa muka shiga.

Ba mu yi nisa ba muka faɗa cikin cunkoso. Bas-bas manya, tasi, motocin kaya, duk hanci ɗaya suka nufa. Mutumin ya yi ta tsaki yana duba waya. Da muka kai wani dandali mai dogon ginshiƙi a bakin teku, sai ya faka, ya fito ya sauke akwatunanmu biyu a ƙasa, ya ce an iso. Na ce masa ƙarya ne, na zo nan ranar Alhamis, akwai gada a gaba. Ya ɗaga kafaɗa ya nuna mini wani layi, wai bas ke ƙarasawa. Tun a bakin otal ya karɓi kuɗinsa, don haka ya ja motarsa ya juya. Layin bas ɗin ya kai mutum ɗari biyu, bas ɗin da suke jira kuma ga shi can a maƙale a gindin gada ba ya motsi. Na duba agogo, uku saura minti goma.

Sai na ga waya a hannuna, babban yatsana yana neman lamba. Haka na saba. Idan abu ya ɓaci akwai wanda zan kira a filin jirgi in ce a ɗan riƙe, oga na hanya. Na tsaya ina kallon sunayen mutanen Abuja ɗaya bayan ɗaya, babu mai amfani a cikinsu. Saƙon Rukayya ya shigo a kai: Baba kuna ina? Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, kuma tsoron ba na rasa jirgi ba ne, na kallon fuskar Hajiya ne idan ya tashi ba mu.

"Wancan farin benen shi ne namu?" ta tambaya, tana nuna wani jirgi can nesa.

"Na uku ne daga nan. Bayan gada."

"To ɗauki akwati."

"Hajiya, ya fi kilomita biyu, ga tudu. Gwiwarki..."

"Gwiwar tawa ce ko taka? Tun sha biyu nake gaya maka. Ka zauna kana lissafin Dutse Alhaji a garin mutane. Ni dai yau ko da rarrafe sai na ga 'yata."

Da ƙarfi ta faɗa, irin muryar da take yi wa masu sauke kaya. Wani mutum da ke wucewa a keke, da akwatin kai abinci a bayansa, ya ja birki har ya kusa faɗuwa. Baƙi ne dogo, furfura ta fara fito masa a gemu.

"Salamu alaikum. Hajiya, daga ina kunka hito?"

Sunansa Isuhu, mutumin Maraɗi. Ban gama yi masa bayani ba ya duba agogona, ya ɗaga babban akwatinmu ya ɗora a kan keken, ya ce in ja ƙaramin. "Lahadi ita ce babbar rana nan, Alhaji. Jirage biyar yau. Ku taho, akwai hanyar ƙafa gefen gada."

Muka kama hanya. Shi a gaba yana tura keke, Hajiya a tsakiya, ni a baya da akwati da jakar takardu. Rana ta take, iskar teku na kaɗa mini hula. Motoci na tsaye a gefenmu, mutanen ciki suna kallonmu ta gilashi, wasu ma suka fito suka biyo mu da kayansu. Tun kafin rabin tudun Hajiya ta fara jan ƙafar. Ta kama ƙarfen gefen gada tana ja da hannu, taku goma ta tsaya, taku goma ta tsaya. Zufa ta jiƙa mayafin. Na ce ta dafa kafaɗata, ta ce in kula da akwatina. Daga baya ta dafa, ba tare da ta dube ni ba, nauyinta duka ya sauko mini, na san ciwon ya kai inda ya kai.

Isuhu ya yi ta jan ta da hira don ta manta. Ya ce shekararsa tara a garin. Ya tambaye ta ko har yanzu ana kawo busasshen kifi daga wajen tafki, ta ce ana kawowa amma ya yi tsada. Ya ce tsohuwarsa tana nan da rai, ita ma gwiwa ke damunta, duk Juma'a yake kiranta. Hajiya ta tsaya ta dube shi ta ce, "Ka je ka gan ta, waya ba gani ba ce." Ya ce in sha Allah, ya juya ya ci gaba da tura kekensa.

A saman gada na ga abin da ban gani ba ranar Alhamis. Jirage biyar a jere, kowane ya fi ginin ma'aikatarmu tsawo, ƙasa kuma mutane da motoci kamar an tashi daga Idi. Inda na tsaya ni kaɗai ina ƙirga matakala, yanzu ko daɓen ba a gani. Agogo ya ce uku da minti goma sha biyu.

"Alhaji, kai ka yi gaba da takardu," in ji Isuhu. "Ka hwaɗa musu tana tahe. Bar mini akwatin, ni ina tare da Hajiya."

Na tattare rigata na zuba a guje. Shekarata sittin da uku, rabona da gudu tun ina bautar ƙasa. Hulata ta faɗi ban waiwaya ba. Na wuce jirgi na ɗaya, na wuce na biyu, ƙirjina kamar zai tsage. Na faɗa zauren tantancewa uku da minti ashirin da ɗaya, wurin ya watse kamar yadda na tsara, ma'aikata har sun fara naɗe igiyoyin layi. Na ajiye fasfo biyu a gaban wata mata mai gilashi, na haɗa duk Turancin da na tara a aikin gwamnati, amma abin da ya fito daga bakina kaɗan ne. Na ce matata na kan gada, ƙafarta ba lafiya, 'yarmu na cikin jirgin nan, shekara uku ba ta gan ta ba.

Matar ta dubi agogon bango, ta dube ni. Ta ce dole sai ta ga mai fasfon da idonta, kuma uku da rabi na'urar ke rufewa, ba ita ke da iko da ita ba. Sai ta tashi da kanta ta shiga wani lungu ta turo keken marasa lafiya, ta sakar mini shi a hannu.

Na tura keken nan a guje na koma. Na same su sun sauko daga gada, Hajiya na rataye da sirdin keken Isuhu, leɓenta ya bushe. Ba ta yi gardama ba ta zauna. A bakin ƙofar da ba a barin mai keke ya wuce, na zaro abin da ke aljihuna na miƙa wa Isuhu, ya ture hannuna.

"Haba Alhaji. Sai dai..." ya yi 'yar dariya. "Tun kan gada nike jin ƙamshin daddawa."

"Buɗe akwatin," in ji Hajiya.

"Hajiya, saura minti biyar."

"Buɗe."

Na buɗe a nan ƙasa. Ta zaro ƙullin Auta, wanda aka hana ni shaƙa, ta raba daddawar biyu, ta ɗora masa robar yaji guda a kai. Ya karɓa da hannu biyu ya kai hanci. Ya ce abincin da zai kai wa wani ya huce tuntuni, bari ya je ya sha faɗa. Ko lambarsa ban karɓa ba, kuma har yau abin na damuna.

Uku da minti ashirin da bakwai matar mai gilashi ta buga mana hatimi. Mu ne na ƙarshe. Da ma'aikatan jirgi suka ga yadda gwiwar ta kumbura, ba su kai mu ɗakinmu ba, suka sa mu a lif zuwa ƙasa, asibiti. Aka buɗe ƙofa, wata nas cikin fararen kaya ta juyo da takarda a hannu za ta tambayi sunan mara lafiya.

Takardar ta faɗi. Rukayya ta durƙusa a gaban keken ta kifa kanta a cinyar uwarta. Hajiya ta dafa kan tana shafawa, tana cewa, "Auta, kin rame. Ba sa ba ku abinci ne?" Can Rukayya ta ɗago tana share ido, ta gaishe ni, ta ɗauko ƙanƙara da bandeji ta fara naɗe gwiwar a hankali. Ni ina tsaye a gefe ba hula, da jakar takardu a hammata, kunya da farin ciki sun haɗu sun cika ni.

Mako guda muka yi a kan ruwa, kuma ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba. Kwana biyu Hajiya ta yi a keke, ni ne direbanta. Rukayya ta roƙi wani mai dafa abinci ya yi mana miya da sauran daddawar, muka ci mu uku a ɗakinmu da ƙofa a rufe. Duk garin da jirgi ya tsaya muka fita, Hajiya ke faɗin lokacin komawa, ni kuwa in ce to.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai tun a asibitin nan ya faru, Rukayya na durƙushe tana ɗaure bandeji. Hajiya ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun gindin gada.

"Alhaji, ƙarfe nawa?"

"Huɗu saura minti takwas."

"Ina takardar taka?"

Na zaro ta daga aljihu, ta jiƙe da zufa.

"Gyara layin ƙarshe," ta ce. "Kada a ce Alhaji Agogo ya ajiye lissafin da ba daidai ba."

Na ari biro a hannun Rukayya, na soke ƙarfe uku, na rubuta huɗu saura minti takwas. Rubutun ya karkace. Hajiya ta karɓa ta duba, ta ninke takardar ta sa a jakarta, ta mayar da hannunta kan 'yarta.